Tabarmar Leda da Dattijon da Na Kora da Sadaka

Zuwa ga Inna, wadda ke kwance a maƙabartar garinmu ta Challawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki cikin ladabi da durƙuso, irin gaisuwar da kika koya min tun ina ƙarama. Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Mu nan Sharada muna lafiya, ni da Baban Ummi da yara duka. Damina ta sauka sosai, mun gode Allah.

Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ke ba ki yi boko ba, ni ma har kika rasu ban iya rubuta sunana ba. Sai bayan na yaye auta na shiga ajin manya na unguwarmu, ina zama a benci ɗaya da matan da suka kusa jika da ni da waɗanda na kusa haifa. Malamarmu ce ta ce kowace ta rubuta wa wanda take kewa, za ta saka a shafin ajinmu na waya don wasu su karanta. Saboda haka idan kin ji ina bayyana abin da kin riga kin sani, don su nake yi.

Ke na zaɓa saboda bana na tafka wani kuskure da ya kusa jawo asarar ran mutum, kuma da dabararki na gyara shi. Ina so ki ji yadda aka yi.

Kin tafi kin bar ni ina suyar ƙosai a cikin gida. Yanzu ina da rumfa a bakin titi, tsakiyar kamfanonin Sharada, ina dafa shinkafa da wake da rana. Rumfar kwano ce, Baban Ummi ya kafa min ita a kan wani ɗan tudu. Ƙarfe ɗaya na yi ma'aikata za su fito kamar an tashi makaranta. Kowa ya ci, ya sha ruwan leda, ya yar da ledar nan inda yake tsaye. Iska ta kwashe ta kai lambatu, wato babbar kwatar da ta bi ta gindin katangar wani kamfani da aka daɗe da rufewa. Ni ma a leda nake ƙulla wa masu tafiya da abinci, ba zan ɓoye miki ba. Bara lambatun nan ya toshe, ruwa ya hau titi ya kwanta kwana da kwanaki, sauro ya biyo baya, auta ya yi sati biyu a kwance da zazzaɓi. Kin san ni a kan yara. Ko atishawa ɗayansu ya yi sai in ruga neman magani. Ke ce kike cewa, "Lami, tsoronki ya girme ki."

Akwai wani dattijo da ake kira Malam Habu. Dogo ne siriri, farin gemu, rigarsa ɗaya amma kullum a wanke take. Ban san ranar da ya fara kwana a rumfata ba. Na dai lura idan na zo da safe sai in tarar an share wurin tas, an jera bencina, an tara ledojin jiya a gefe an danne su da dutse. Mai shayin da ke kusa da ni ne ya faɗa min cewa tsohon nan ne. Idan na tashi da yamma ya shimfiɗa kwali ya kwana, kafin in zo ya naɗe ya koma gefen masallaci. Ya ce shekaru masu yawa ya yi a wata masaƙa a Bompai, yana kan injin saƙa, har aka rufe ta. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ɗakin haya ya fi ƙarfinsa. Ya zo Sharada neman aikin gadi, ko'ina sai a ce masa ya tsufa.

Abin da na fara yi da na ji, Inna, shi ne na duba tukwanena ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya ɓata. Har wani ludayi da na daɗe ina nema na gani an rataye min a ƙusa.

Haka muka yi kusan wata biyar. In ce masa ina kwana Baba, ya ce lafiya lau Hajiya, ya wuce. Ban je Makka ba, amma shi haka yake kirana. Ba mu taɓa maganar kwana ko shara ba. Yana da wani tari mai zurfi da nake jiyowa tun kafin ya ƙaraso, in ji shi har cikin ƙirjina.

Wata Juma'a cikin bazara abinci ya ragu min da yawa. Zuciyata ta ce yau ranar neman lada ce. Na ƙulla a leda har da nama yanka biyu. Na hango shi zai wuce masallaci, bencina cike da ma'aikata, sai na ɗaga murya na ce, "Baba, zo ga sadaka."

Ya tsaya. Bai kalli ledar ba. Ni ya kalla, sannan ya kalli mutanen da ke zaune. Ashe a cikinsu akwai wanda shi ya koya wa aiki a Bompai, mutumin har ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

"Allah ya karɓa, Hajiya," in ji shi. "A kai wa mabukata."

Washegari na tarar da rumfa yadda na bar ta, leda ko'ina. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Mai shayi ya ce min Malam Habu ya kwashe kwalinsa ya koma gindin katangar nan, bakin lambatu, inda wasu 'yan dako biyu ke kwana, Sale da Ɗanjuma. Duk yankin babu wuri mai kwari kamar nan. Nan ne ruwan bara ya fi taruwa. Ga tsoho, ga tari, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma yana watsewa.

Na kasa cin abinci. Da na faɗa wa Baban Ummi bai lallashe ni ba. Ya ce mutum ya yi wata biyar yana biyan wurin kwanansa da tsintsiya, ke kuma kin tashi a gaban jama'a kin mai da shi mabaraci, me kike so ya yi? Na aika mai shayi ya ba shi haƙuri. Ya aiko cewa babu komai, shi ba a yi masa laifi ba. Amma bai dawo ba. Baban Ummi da kansa ya je ya roƙe shi ya koma rumfar, tsohon ya ce ya gode, shi yana nan lafiya, iskar wurin ma ta fi masa.

A nan ne na tuna da Iya Kande, tsohuwar nan ta bayan gidanmu a Challawa wadda ɗanta ya tafi bai ƙara waiwayarta ba. Ban taɓa ganin kin miƙa mata kwano kin ce ungo ba. Sai dai ki leƙa ta kan danga ki ce idonki ya yi rauni, ta zo ta taya ki tsince tsakuwa a shinkafa. Ke da kike zura zare a allura da magariba. Ta zo ta zauna tana tsinta tana ba ki labari, abinci ya nuna ta ci tare da mu, ta tafi da saura a kwano. Na taɓa tambayarki me ya sa ba za ki ba ta kawai ba, kika ce, "In na ba ta a hannu gobe ba za ta zo ba. Bar ta ta zo aiki."

To wane aiki zan ba tsohon masaƙi, ni mai shinkafa da wake? Kwana biyu ina juya abin. Ledojin da suka taru a rumfata ne suka ba ni amsa, tunda yanzu babu mai tattara su. Malamarmu ta taɓa nuna mana a wayarta wasu mata suna saƙa jaka da ledar ruwa. Na tuna ki zaune a gindin tsamiya kina saƙa tabarmar kaba, kina kirana in koya, ina gudu saboda kaba na yanka min yatsa. Na ɗebi ledoji na wanke su, na yayyanka, na ƙulla, na kitsa yadda na iya. Abin da ya fito ko kaza ba za ta yarda ta kwanta a kai ba. Na ce madalla, haka nake so.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka tafi ni da Baban Ummi. Inna, wurin nan. Ruwan lambatun baƙi ƙirin, ba ya motsi, leda ta rufe shi har ba a ganinsa sosai, ƙuda na tashi. Malam Habu na zaune a kan kwalinsa, ga buta, ga ɗan ƙunshin kayansa. Sale da Ɗanjuma na gefe suna hutawa a kan kurarsu. Na durƙusa na gaishe shi. Ban ambaci Juma'ar nan ba. Na ce matsala ce ta kawo ni, an ce min shi masaƙi ne, ni kuma ga abin da nake ta fama da shi ya ƙi yiwuwa. Na miƙa masa.

Ya juya shi gaba, ya juya shi baya.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce.

"Allah ya shirye ki, Hajiya."

Su Sale suka fashe da dariya, har Baban Ummi. Malam Habu ya ce shi da ya tsaya a kan injin da ke fitar da yadi tun safe har yamma, yau shara za a kawo masa? Amma bai miƙo min abin ba. Yana magana yana jan ledar da yatsa yana gwada ƙarfinta. Can ya ce matsalar ita ce babu zaren tsaye, duk na kwance ne, shi ya sa ta naɗe kamar ganyen da ya bushe. Ya ce in da za a samu katako huɗu da ƙusoshi, da ya nuna min yadda ake yi, don kada in ci gaba da ɓata wa saƙa suna.

Baban Ummi yana nan a majemar da kika san shi a Challawa. Washegari ya ɗauro a bayan mashin ɗinsa wasu katakai da aka yar, da tsofaffin ƙusoshi da ya miƙe da guduma. Malam Habu ya haɗa su murabba'i mai tsawon mutum, ya jera ƙusa sama da ƙasa a layi, ya ɗaura zaren leda a tsaye daga ƙusa zuwa ƙusa. Na ce a kai rumfata a yi aikin a can. Ya ce nan ma ya isa.

Kullum da safe sai in kai masa wankakkun ledoji, da rana in kai abinci a kwanon samira in ce ga abincin ma'aikaci. Ya karɓa ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai ranar.

Ashe tabarma ɗaya tana cin leda ba kaɗan ba. Abin da nake tarawa bai isa ko rabin yini ba. Na rataya buhu a jikin ginshiƙin rumfata, na samu kwali na rubuta da hannuna, A ZUBA LEDAR RUWA A NAN. Ban taɓa yin rubutun da maza za su tsaya su karanta ba. Suka karanta kuwa. Wani ya ce Hajiya Lami ta buɗe kamfani. Wani ya ce yaushe za a fara ɗaukar ma'aikata, shi yana son kujerar manaja. Wani ya sha ruwansa ya yar da ledar a gabana da gangan yana kallona. Na ce masa daga yau duk wanda ya yar da leda a ƙasa babu ƙarin wake, babu ƙarin yaji. Ya sunkuya ya ɗauka, sauran suna yi masa tsiya. Kafin sati buhun na cika kullum.

Na kuma daina ƙulla abinci a leda. Na ce wanda ya zo da kwanonsa yana da ƙarin ludayi ɗaya. Da farko sun yi gunaguni, yanzu za ki ga ƙato yana sauka daga adaidaita sahu da kwanon matarsa a hammata. Mai shayi ma ya rataya nasa buhun. Baban Ummi ya rataya ɗaya a ƙofar wurin aikinsu yana kawo min da yamma. Wani direba da ke cin abinci a wurina ya fara zuwa da nasa daga Bompai.

Wankin ledar ni nake yi, da ruwan zafi da sabulu, in shanya a igiya. Na hana yara taɓawa. Ni kaina sai na wanke hannu sau uku kafin in koma kan tukunya, har fatar hannuna ta fara tsagewa. Shi kuwa Malam Habu ya dami su Sale da cewa warin lambatu na hana shi aiki, masaƙi ba ya saƙa a cikin ɗoyi. Suka aro manjagara suka fara janyo ledar da ta toshe shi, suna tarawa a waje ta bushe, 'yan jari-bola suna zuwa suna kwashewa. A hankali ruwan wajensu ya fara tafiya.

Tabarmar farko kwana tara ta ɗauka. Da ya cire ta daga kan ƙusa ya shimfiɗa, na tsaya ina kallo. Fara ce da ratsin shuɗi, mai kauri, mai laushi. Ya zuba mata ruwa daga buta, ruwan ya gangare, ya kakkaɓe ta ta bushe. Ya ce sanyin ƙasa ba zai ratsa ta ba. Niyyata shi ya kwana a kai ya rabu da kwali. Sai na ji ya kira Sale ya ce masa, "Ɗauki wannan ka kwana a kai sati ɗaya, ka zo ka faɗa min inda take da aibu. Aiki na ba ka, kada ka yi min wasa."

Na ɗago na kalle shi. Ya kau da kai yana gyara ƙusa. Nan na gane tun ranar farko ya san abin da nake yi, Inna. Ya sani, ya kuma bar ni.

Ya saƙa ta biyu ya ba Ɗanjuma irin wannan aikin. Amma shi har yanzu yana gindin katanga a kan kwali. An yi yayyafi sau biyu, katakon ya jiƙe ya kumbura, tarinsa ya ƙaru. Baban Ummi ya ce ga zauren gidanmu nan cike da tsofaffin tayoyi da firjin da ya mutu tun kina raye, me zai hana a kwashe? Ya tuna min zauren gidanmu na Challawa, da ba ya rabuwa da baƙon da dare ya yi masa a hanya, kina aika tuwo ba ki ma san sunan mai ci ba.

Zan faɗa miki gaskiya ko da za ki ji kunyata. Ni da na ɗauko abin, ni na tsaya. Na ce Ummi mai sunanki ta zama budurwa, ta zauren nan take wucewa. Na ce tarin nan fa, in irin wanda ake ɗauka ne? Na ce ba mu san danginsa ba. Kwana uku ina kawo dalili. Baban Ummi bai yi min faɗa ba. Ya je wurin liman, liman ya ce tun zuwan tsohon unguwar bai rasa sahun gaba ba. Ya je ya sanar da mai unguwa. Ya dawo ya ce min shi ya gama nasa, saura nawa, amma in sani ruwa ba zai jira in gama tsoro ba. Rana ta huɗu da safe na ɗaura ɗankwali na fara fitar da tayoyin nan da kaina. Na share, na yayyafa ruwa, na goge bango, na kunna turare.

Na je na ce wa Malam Habu katakon nan ruwa zai lalata shi, ga ɗaki busasshe a gidanmu, amma yana buƙatar mai kula da shi a kusa. Ya ce za a duba. Washegari na sake faɗa, ya ce za a duba. Kwana biyar yana dubawa, ni kuwa wuyana har ya gaji da kallon gabas.

Ranar Talata bayan azahar hadarin ya taso. Baƙi ne wuluk, ya rufe gabas gaba ɗaya, iska ta fara ɗaga kwanon rumfuna. Ma'aikata suka watse da gudu. Na kashe wuta, na ce wa mai shayi ya duba min tukwane, na ɗaure hijabina na nufi katanga. Ban kai rabi ba ruwan ya ɓarke, irin wanda ba a ganin gaba. Ɓangaren lambatun da su Sale suka gyara yana gudu kamar kogin garinmu. Amma daga can sama, inda manjagararsu ba ta kai ba, ruwa ya tsallako titi yana gangarowa da shara, kuma gindin katangar nan ya nufa. Na kai kwanar da ake shiga wurin, ruwa ya kai min ƙauri, ya fara jan zanina. Na kasa gaba. Na tsaya ina kiran Baba, Baba, ruwa na shiga bakina, ko ni ba na jin muryata. Na ce shi ke nan, na kashe tsohon mutane da yankan nama biyu.

Sai na hango wani abu fari yana tahowa cikin ruwan. Sale ne a gaba, Ɗanjuma a baya, sun ɗauko katakon a kafaɗa, an lulluɓe shi da tabarma ɗaya. Malam Habu na gefensu, ɗaya tabarmar a kansa, ƙunshinsa a hammata, buta a hannu, yana ba da umarni kamar mai kamfani, a hankali, a karkata hagu, kada a lanƙwasa masa ƙusa. Suka hauro har inda nake. Ruwa na zuba daga gemunsa ya dube ni.

"Hajiya, katakon nan ba ya son ruwa. Ina ɗakin da kika ce?"

Inna, da kin ga tafiyarmu. Ni a gaba, a jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa, maza uku a bayana da katako. Mutane sun fake a ƙofar shaguna suna kallonmu, wani ya ɗaga murya ya ce kamfanin Hajiya Lami ya tashi. Ina kuka ina dariya, ban damu da wanda ya gani ba. Ummi ta buɗe mana ƙofa. Na dama kunu mai citta da yawa na miƙa musu, na fito da tsohuwar rigar Baban Ummi na ce a rufe katakon da ita in ana so. Malam Habu ya karɓa ya saka a jikinsa. Ya zagaya zauren yana dubawa, ya ce tagar ta yi ƙanƙanta, haske bai isa saƙa ba, amma za a yi haƙuri. Da Baban Ummi ya dawo ya ji wannan magana sai da ya riƙe ciki don dariya.

Ruwan titinmu kuwa kafin magariba ya janye. Mutanen layi sun gani da idonsu, wajen da aka gyara ya wuce, wajen da ba a gyara ba ya yi ɓarna. Asabar ɗin da ta biyo magidanta suka fito da shebur da manjagara suka hau can sama. Ban kira kowa ba.

Baban Ummi ya kai Malam Habu asibitin unguwa a bayan mashin. An duba shi, an ce ba tarin da ake ɗauka ba ne, ƙurar auduga ce ta shekaru da sanyin kwanan ƙasa. An ba shi magani, yana sha yana ƙorafi. Sale da Ɗanjuma yanzu a rumfata suke kwana, a kan tudu, kowa da tabarmarsa. Ba su da ɗaki har yanzu, ba zan ce na gama da su ba. Tabarma ta uku da ta huɗu sun tafi wurin wata mata da ke kwana da 'yarta a rumfar kasuwa, su ma an ba su aikin neman aibu. Ta biyar da ƙyar muka sa ya shimfiɗa wa kansa.

Matan ajinmu suna tambayata da me aka fara. Na ce musu buhu ɗaya ne da ƙusa a bango. Sai sabulu, sai haƙurin wanki. Wadda ba za ta iya saƙa ba ta tara ledar ta kawo. Wadda take da rumfa ko zaure ko inuwar da babu mai amfani da ita bayan magariba, ta yi tunani. Amma na fi ja musu kunne a kan abu ɗaya, kada su kira mutum a gaban jama'a, su fara tambayar me ya iya. Biyu daga cikinsu suna zuwa ƙofar zauren ranar Lahadi yana koya musu, yana ce musu hannunsu ya fi nawa dama-dama.

Jiya na bi ta gindin katangar. Laka ta bar shatin inda ruwan ranar ya kai a jikin bango, daidai inda yake shimfiɗa kwalinsa. Na matsa na tsaya kusa na gwada. Ya kawo min kafaɗa, Inna. Na daɗe a tsaye a wurin. Sannan na juyo gida, tun daga bakin layi na jiyo muryarsa a zaure, suna musu da Baban Ummi a kan wai ƙusoshin da ya kawo gajeru ne, ya mayar ya nemo wasu.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya gafarta miki, ya sa ladan kowane bawan Allah da ya kwana a busasshen wuri ta dalilin abin da kika koya min ya iske ki a kabarinki. Allah ya ba Malam Habu lafiya da tsawon kwana, ya buɗa wa Sale da Ɗanjuma, ya rufa asirin duk wanda daminar nan ta samu a waje. Ya raya min yarana, ya haɗa ni da ke a gidan da babu rabuwa. Amin.

Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Lami, daga Sharada.